Man Kunnen Yayana

Yayana zabiya ne, kuma hatsi yake sayarwa a Babbar Kasuwa, inda rana ba ta raga wa kowa ba, balle shi. Shekarar da soja suka koma bariki wani ɓawo ya fito mashi a kunnen dama. Ya ɓamɓare, ya dawo, ya ƙi tafiya.

Likita a Zariya ya ce ciwon daji ne ke shirin kama wurin, amma an tare shi da wuri. Ya ba shi wani man shafawa, wai shi fuloroyurasil. Ya yi mashi bayani cewa an haɗa shi ya yi kama da abin da ƙwayoyin ciwon ke ci su hayayyafa, aka liƙa mashi sinadarin fulorin. In suka haɗiye sai su mutu. Ya ja kunnensa kada ya yi fashi, don samun wani sai an dace.

To, maƙwabcinmu a Ƙofar Kwaya ya ci kansila. Matarsa, wadda jiya-jiya muke layin famfo tare, ta wayi gari Hajiya, har da tafiyar rangwaɗa. Abu ɗaya ya rage mata: hasken fata kafin ranar rantsarwa. Ta ji labarin man Zariya, sai kwanyarta ta ba ta cewa shi ke ƙara wa Yaya fari. Mutumin da aka haifa da farinsa! Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ta shigo ina makaranta, Yaya yana kasuwa. Bayan doguwar gaisuwa ta ce a sam mata kaɗan. Innarmu kuwa, da a ce ta hana maƙwabci abu gara ta kwana da yunwa. Ta ɗauko shi dungurungum ta miƙa, wai Hajiya ta diba ta maido. Ba ta maido ba. Da na ce zan je in karɓo, Inna ta ce in na taka ƙofar gidan nan ba ta yafe ba, kada a ce mun yi wa matar kansila rowa. Yaya ma ya ƙi zuwa ya karɓo, shi da kunyarsa ta banza.

Hajiya ta labta shi safe da yamma kamar man kaɗanya har ya ƙare. Fari bai zo ba, sai kumatu suka yi jawur suna saɓa. Da mayafi rufe da fuska ta je rantsarwar, ni kuwa ban tausaya mata ba.

Da aka koma Zariya babu man, aka ce a jira. Kafin ya samu ciwon ya yi nisa, sai da aka yanke kunnen.

Hajiya ta zo dubiya da lemo a leda. Ta dubi bandejin, ta dubi Inna.

"Ai man nan naku ba shi da kyau, Inna. Ni ma Allah ne ya tsare ni."

Inna ta yi mata godiya, har ta raka ta zaure. Yaya ya jawo hularsa ya karkata ta dama, kuma haka yake sa ta har yau.