Sandar da Ke Ƙwanƙwasa Katakon Rufi

Jiya iskar hadari ta fizgo indararon gidanmu, ya faɗo daidai inda ɗiyata take wasa. Bai same ta ba. Nan na tuna mahaifina.

Kafin kowace damina yakan zaga gida da sandarsa yana ƙwanƙwasa katakon bakin rufi. In ya ji yana amsawa kamar ganga, sai ya ce, "Gara ta gama da wanga."

Wata shekara kafinta daga Illo ya faɗi kuɗin canza katako da indararo. Baba ya ce ko shinkafar rumbu duka aka sayar ba ta isa. Da tsufansa ya hau tsani don ya gyara da kansa, ni na riƙe. Katakon da ya dafa ya marmashe, garinsa ya cika mini ido. Ba na gani, nauyinsa kawai nake ji yana lilo bisa kaina.

"Riƙe dai, ɗana," ya ce.

Yau ni ma kuɗin gyaran ya fi ƙarfina, ga hadari na haɗowa ta wajen garin Kende. Allah Ya sanyaya makwancin Baba, Ya riƙe mana rufin nan.