Sukudireba a Kunnen Baffa

Jiya ɗan gwangwan ya taya tsohuwar motar marigayi Baffa, ƙirar Faransa, wai zai yanka ta. Ina ɗaga murfin inji, warin baƙin mai ya dawo mini da Baffa, yadda yakan ɗora sukudireba a kan inji, ya kafa ƙotar a kunne, ya lumshe ido yana sauraron bugun injin.

Ranar da ta mace mana a hanyar Roni na ce, "Baffa, ta tsufa." Ya zuƙo fetur da baki, ya fesa a kafireto. "Mota ba ta tsufa, mai ita ke gajiya. Sauka ka tura."

Jiyan dai na sallami ɗan gwangwan ɗin, na aika garin Babura neman famfon mai. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya sa in kai ta Roni kafin in gaji.