Jarumin da Innarsa Ke Ƙwala wa Kira

Wata Alhamis bayan girbin 1976, ranar da ba a zuwa lakwal, wato makarantar boko, kawuna ya sauko daga motar Damagaram a tashar Magariya da wani yagaggen littafin zane-zane a aljihu. Faransancina bai kai in karanta shi ba, amma da na ga ƙato mai faɗin ƙirji ya ɗaga mota da hannu guda, sai na ce wallahi ni ma sai na yi nawa jarumin. Na sa masa suna Tagulla. Kullum da la'asar nakan zana shi da gawayi a bayan rumbunmu, yaran unguwa su baje kan karan gero suna ɓarar gyaɗa, ni kuwa ina ta zuba. Ni da ban iya langa ba, ban iya kokawa ba, ga shi an yi tsit ana saurarona!

Sai dai na cika masa ƙarfi. Kibiya ba ta huda shi, wuta ba ta ƙona shi, ko tuntuɓe ba ya yi. Sannu a hankali yara suka zame suka koma langarsu. Habsu 'yar maƙwabcinmu, mai bakin tsiya, ta ce, "Kullum shi ke kayarwa, to me za mu tsaya ji?" Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don in ba labarin nan ba, ba mai nemana a wurin wasa.

Rannan 'yan kaɗan suka rage, Tagulla na tsakiyar shaƙe kuraye, sai muryar Inna ta tsallako danga: "Kai Lawali! Awakin nan su za su shayar da kansu?" Cikin haushi na yar da gawayin, na ce to, shi ma Tagulla innarsa ta ƙwala masa kira, kuma da zarar ya ji muryarta ƙarfinsa ke tsiyayewa, ga kuraye sun zagaye shi. Na kora awaki rijiya. Kafin in dawo bayan rumbu ya cika maƙil, har da Habsu, ana ta gardamar yadda zai tsira. Daɗi ya kashe ni! Ashe kowannensu ya san wannan kiran, kowa ya taɓa barin wasa ana tsakar daɗi saboda shi, shi ya sa tsoro ya kama su kamar ɗan'uwansu ne a bakin kura.

Yanzu jikokina na kallon jarumai masu tashi sama a wayar salula, ni kuma in zauna in yi ta labari iya son raina, babu mai katse ni. Da Inna za ta ƙara kirana ko sau ɗaya, wallahi da gudu zan tafi.