Ƙullin Bakin Mayafi

Yayata a ɗakin gwajin jini take aiki, amma ba ta taɓa riƙe allura ba. Nata shi ne shigar da sakamako a kwamfuta: suna, unguwa, lambar waya, da cutar da aka samu. Shekara goma sha ɗaya tana kan kujera ɗaya, a lungu tsakanin firji da kabad.

Matsoraciya ce ta gaske, ko ƙadangare ya gilma sai ta yi salati. Amma ba abin da ke tsinka mata zuciya kamar fayil ɗin da take zuba sakamakon a ciki, don ta san in ya fita aure zai mutu, wasu su rasa aiki. Kullum kafin ta tashi takan kulle shi da kalmar sirri, irin kullewar da ke mayar da rubutu shirme, ko ɓarawo ya samu ba abin da zai karanta. Sannan ta kwafa a filashi, ɗan abin adana bayanan kwamfuta, ta jefa a jaka, haka mai wurin ya ce a riƙa yi. Da yake ba ta yarda da kanta ba, tana kullewa sai ta ƙulle bakin mayafinta. Da safe in ta buɗe fayil, ta kwance. Abokan aiki suka laƙaba mata Hajiya Ƙulli.

Wata Laraba da la'asar tana jiran mota, wani a kan babur ya fizge jakar. Ta iso gidana da takalmi ƙafa ɗaya. Allah ya yafe mini, ban ko tambaye ta ko ta ji ciwo ba, bakin mayafin na cafko. Ƙullin yana nan.

"Alhamdulillahi, Yaya, kin kulle!"

Ta dube ni ido jawur. "Yau na makara, a gurguje na fara aiki. Wallahi ban sani ba ko na kwance na jiya."

Wata uku ba ta ci abincin kirki ba. Waya ta yi ƙara, gabanta ya faɗi. In ta hango mutum biyu suna raɗa a layi sai ta sauya hanya. Ba wanda ya kira, ba sunan da ya fita, amma hankalinmu bai kwanta ba.

Har yau mayafin yana ƙasan akwatinta da ƙullinsa, ni kuma har yau tsoro nake ji. Sunana yana cikin fayil ɗin, ita ta shigar da shi da hannunta. Mijina ya sani. Mahaifiyarsa, da ke cin abinci daga hannuna kullum, ba ta sani ba.