Shirun da na yi a bakin kwamin gwaji

Assalamu alaikum edita da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni direba ne a Doha, ina zaune a Umm Salal. Boko iyakata firamare, sai facin taya da na yi shekara da shekaru a gida kafin in fito. Ni ba mai yawo ba ne. In na tashi aiki sai ɗaki, in dafa shayi, 'yan uwa su taru mu yi ta surutu. Abu ɗaya Allah ya ba ni, kunne. Taya tana sacewa, tun daga nesa nake jin ta.

Aikina ɗaukar wani injiniya Balarabe daga Al Gharrafa zuwa ma'aikatarsu, inda ake ƙera abin da suke kira bindigar iska. Ba ta harbi ba ce. Wani tulun ƙarfe ne da ake ɗura wa iska mai ƙarfi, a sake ta farat ɗaya cikin teku, ƙarar ta nutsa ƙarƙashin ƙasa ta dawo, na'urori su saurara su gane inda mai da gas suke. Ogana shi ya zana sabon samfuri, mai haɗa su kuwa wani dattijo ne ɗan Zangon Gana da nake kira Kawu. Shi kuma kullum tsokanata yake, wai mai kunnen zomo, wai har tunanin mutum ina ji.

Ranar gwaji a babban kwamin ruwa, ina zaune a inuwa kusa da bututun iska ina jiran oga. Da fari lafiya lau. Da aka jima ana bugawa, sai na fara jin wani ɗan tsiii a tsakanin bugu da bugu, irin na tayar da ƙusa ta taɓa. Na san wannan kukan kamar muryar mahaifiyata. Amma na dubi masu digiri sun kewaye kwamfuta suna murmushi, na ce a raina wa ya aike ka, kai da sitiyari aka ba ka. Na ja bakina na yi shiru. Wannan shirun shi ne kuskurena.

Aka kai bindigogin teku, kwana kaɗan biyu daga cikinsu suka lalace, jirgin ruwan da ya kai su ya dawo. Laifi ya faɗa kan Kawu, aka ce bai zaunar da zoben robar da ke toshe iska daidai ba, za a soke kwangilarsa a mayar da shi gida. Na same shi a masallaci bayan la'asar, ya ce mini ba korar ce ta dame shi ba, sai dai a ce hannunsa ya yi ha'inci bayan furfura.

Washegari a mota na yi ta maza na faɗa wa oga abin da na ji. Ya yi dariya, ya ce khalas, wato ya isa haka, in kula da hanya. Na ce ya gwada ni, in na yi ƙarya ya haɗa ni da Kawu a jirgi ɗaya. Da muka isa zai sauka, ya ce yalla, wato mu je, in biyo shi. Ya sa aka ɗura iska a bindigogi huɗu, wasu shi da kansa ya haɗa su, bai gaya mini waɗanne ba. Na roƙi a yi ta bugawa sai sun ɗau zafi, sannan a tsaya. Na ari doguwar sukundireba, na kafa bakinta a kan bututun kowacce, na ɗora kunne a kan ƙotar, yadda muke yi a bakin titi. Na nuna ta biyu da ta huɗu. Fuskar oga ta canza, don ta huɗun aikin hannunsa ce. Da aka kwance, ashe ramin da zoben yake zama ne ya ɗan yi faɗi a zanen, in ƙarfe ya yi zafi sai iska ta sami hanya. Ko wa ya haɗa, haka za ta yi.

Mutumin kirki ne, a gaban kowa ya ba Kawu haƙuri, ya koma ya gyara zanensa. Yanzu ba a fitar da sabon samfuri sai an kira ni da sukundirebata. Kawu kuwa cewa ya yi ashe zomon nasa yana da baki, da ya ɗauka kunne kawai aka yi masa.

Ina alfahari da wannan rana, ba zan ɓoye ba. Amma har gobe in na tuna makon da dattijon nan ya yi yana sunkuyar da kai saboda shiruna, sai in ji kunya. 'Yan uwana da ke aiki a ƙasar mutane, kada ku raina sana'ar da kuka baro a gida. In ka ga abu ko ka ji, faɗa da ladabi tun da wuri. Dariyar da za a yi maka ta fi sauƙi a kan a kori bawan Allah kana kallo.