Mushe Hambali, Wanda Ya Buɗe Mini Baki Gaban Jikata

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga Fabrairu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Mushe Hambali Barmo a gidansa da ke Cadawa, bayan jinyar kwana shida. Ya rasu yana da shekara sittin da takwas. Haifaffen Gidan Sori ne, kuma shekara talatin ya yi yana koyar da Ingilishi a kolej, mafi yawansu a Gazawa, kafin ya ajiye alli. Shi ya sa ake ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin makarantar boko a wurinmu. Ni Garzali tela, ɗan kawunsa ne, wato taubashinsa, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da wani ya tsokani wani ba. Don haka, Mushe, kada ka sa ran zan fara yi maka ladabi yau.

Ɗalibanka za su faɗi nasu. Za su tuna zaurenka da ba ya rabo da 'yan lakol, wato 'yan makaranta, na ƙauye waɗanda ba su da kowa a gari, da tukunyar matarka Zaituna da ke ƙara girma kowace shekara ba tare da an ji ƙorafinta ba. Ni abin da zan faɗa guda ne, kuma ban taɓa gode maka a kansa ba, don kada kanka ya kumbura.

Ɗana Lurwanu ya bi fataucin albasa har ya zauna a Takoradi, ƙasar Gana. Ya auri 'yar can, mace mai kirki da addini, amma ba ta jin Hausa. Suka haifi Najiba. Uban kullum yana kan hanya, sai yarinya ta tashi da Ingilishi da yaren uwarta. Kowace Lahadi Lurwanu yakan kira ni ta bidiyo, ya zaunar da ita gaban waya. In ce mata ta wuni lafiya, ta dubi ubanta. In sake, ta dubi ƙasa. Da ta kai shekara takwas, sai ta fara ɓuya: yau a ce tana wanka, wani mako a ce ta yi barci. Na gane jikata gudun wani tsoho take yi, mai yi mata surutun da ba ta fahimta. Ba ta taɓa taka Cadawa ba, kuma tsoro ya kama ni kada in mutu ina baƙo a wurinta.

Da na gaya maka a shagona, na zaci gaisuwa za ka fara koya mini. Sai ka ce, "Kai dai tela ba ka da wayo. Wane yaro ka son gaisuwa? Ka ba ta dariya, ita da kanta za ta biɗe ka."

Ka ciro wayarka, ka buɗe taswirar nan da ke nuna gari daga sama. Ka ja da yatsa har gonar maƙwabcina Sufyanu. Rabin gonar kore shar, rabin kuma busasshe ƙayau, da layi miƙe a tsakani kamar an sa almakashi. Ka bayyana mini cewa hoto biyu ne, ɗaya na damina ɗaya na rani, aka haɗa su ba a duba ba. "Ga ɗinki irin naka," in ji ka. Na zage ka, muka yi dariya, kuma kafin azahar na san kore shi ne girin, busasshe dirai, ruwan sama ren, gona kuma fam. Haka bakina ke faɗarsu, haka kuma na rubuta su.

Daga nan kullum da la'asar kana kan bencin shagona da sabon abin mamaki. Wani shaƙiyyi ya sa wa masussukar bayan gari alamar filin jirgin sama, muka kwana biyu muna cewa mata su kwashe hatsinsu jirgin Makka zai sauka. Taswirar ta zana hanyar mota ta tsakiyar tafki, kuma muryar matar da ke cikin waya ta dage sai mai kabu-kabu ya miƙe sak, shi kuwa yana rantsuwa ba zai shiga ba. Da na gida suka ƙare, ka ƙetara da ni ƙasashen waje, inda ake ɗaukar hoton tituna: ƙafafu biyu na tafiya babu mai su, jaki mai kai biyu, wani ƙato zaune kan kujera a bakin hanya sanye da kan doki. Kowane hoto kalma biyar. Ina rubuta su a littafin awo, har wani Alhaji ya leƙa ya ga an rubuta donki kusa da awon rigarsa, ya tambayi ma'ana. Kai ka ce masa sunan wani yadi ne mai tsada.

Lahadin farko gumi ya jiƙe mini riga. Ka ɓuya a bayan keken ɗinki. Aka jawo Najiba da ƙyar, na ɗaga hoton gonar Sufyanu, na ce, "Luk, Najiba. Girin. Dirai. Wan fam." Ta tsaya. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa waya. Sai ta ƙyalƙyale da dariya, kuma ranar na fara ganin tana da wushirya irin ta uwar Lurwanu. Ka dage har ka mutu cewa bakina ta yi wa dariya ba gonar ba. Ko ma dai me ta yi wa, ta jero mini tambayoyi, kana raɗa mini amsa ina maimaitawa.

Mako ya zagayo ta aiko da nata, hoton jirgin ruwa da taswira ta ɗora kan rufin wata kasuwa. Abin ya zama gasa tsakaninmu. Tana gyara mini lafazi babu tausayi, ina jin daɗi. Ta gano ka a bayan keke, ta riƙa tambaya ina Mushe, don ta ɗauka sunanka ke nan. Wata huɗu da farawa sai ka daina zuwa ranar Lahadi. Na yi fushi, na ƙi gaishe ka mako guda. Da na tare ka a ƙofar masallaci ka ce, "In ina nan, da ni take magana. Jikarka ce ko tawa?" Na daɗe kafin in gane wannan ma kyauta ce ka yi mini.

Shekara biyu muka yi a haka. Ingilishina har yau guntu-guntu ne, amma Najiba na cike mini gurbi, kuma babu Lahadin da ta sake ɓuya. Ko da na je duba ka ana gobe za ka rasu, ba ka bar ni na yi maka sannu ba sai da ka nuna mini wani tsibiri mai siffar kifi, ka ce in ajiye mata.

Bayan mun dawo daga maƙabarta na buɗe littafin awo ina neman yadda zan sanar da ita. Na sami jaki da jirgi da ƙafa da tafki, ban sami kalma ɗaya ta mutuwa ba. Abin dariya kaɗai ka koya mini. Dole na bar wa Lurwanu ya faɗa mata.

Ranar sadakar uku, muna zaune a ƙofar gidanka, wayata ta yi ƙara. Ba Lahadi ba ce. Najiba ce da kanta, da kayan lakol a jikinta. Ta ja numfashi, ta ce da Hausa, a hankali, kalma bayan kalma, "Kaka, sannu da haƙuri. Allah ya jiƙan Mushe." Lurwanu ya ce kwana biyu ta hana shi sakat sai da ta iya. Sannan ta ƙara da Ingilishi cewa daga yau ni ne malaminta, in koya mata maganar garinmu, kuma na fahimce ta ba tare da tafinta ba. Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, duk labarin da na samu a duniya kai nake fara kai wa, wannan kuwa babu hali.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Hambali, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka saka masa da alheri kan kowane yaro da ya ciyar da kowane bakin da ya buɗe. Ina miƙa ta'aziyyata ga Zaituna, da 'ya'yansa Salima da Abdulrahaman, da dangi na Gidan Sori, da ɗalibansa duk inda suke. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen.

Garzali Yahaya, tela, Cadawa