Kuskuren da ke Hannun Rigar Murdo

Ranar Talata, sha takwas ga Nuwamban 1941, jirgin ruwan sintirin da yayana Murdo Geddes ke ciki ya taka nakiya a bakin gaɓarmu. Su goma sha huɗu ne a ciki, babu wanda ya tsira. Teku ta dawo mana da gawar mutum uku kawai.

Yaya Murdo, kai masunci ne. Sojan ruwa suka karɓi jirginku na kamun kifi, suka shafe shi da fenti ruwan toka, suka ɗora masa bindiga ɗaya, shi ke nan wai ya zama jirgin yaƙi. Ka ce mini, "Elspeth, bar kuka. Jirgin nan warin kifinsa kaɗai ya isa ya kori abokan gaba."

Ban manta shekarar da mijina ya rasu ba. Duk ranar da kuka sauke kaya, sai na tarar da kifi biyu rataye a ƙofata, in na yi godiya ka ce ba ka san zancen ba. Da bakinka ne kawai ba a shan daɗi. Rigar sanyin da na saƙa maka bara, saƙar ta karkace mini a hannun hagu, ka bi gari kana nuna wa mutane. "Ku zo ku ga aikin ƙanwata, ko ƙaguwa ta fi ta tafiya daidai!"

Ranar Juma'a da safe ɗan sanda ya zo ya kai ni rumfar gyaran raga, inda aka ajiye gawarwakin. Matarka Ishbel ta kasa zuwa. Bai bari na ga fuska ba, hannun hagu kawai ya buɗe mini. Da wannan karkatar na gane ka.

Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Takardar kiran ɗana Lachlan aikin soja ta iso, ranar Litinin zai shiga irin jirginku. Ina saƙa masa tasa rigar, ko ƙofa aka buga sai gabana ya faɗi. Sau uku ina warware hannun hagun, don na yi rantsuwa wannan ba za ta fito da aibi ko ɗaya ba, kamar hakan zai hana teku taɓa shi.

Allah ya jiƙanka, ya jiƙan abokan aikinka goma sha uku, har da waɗanda ba mu samu abin binnewa ba. Allah ya ba Ishbel da 'ya'yanta mata haƙuri, ya sanyaya zukatan sauran gidajen.

Ku sa Lachlan a addu'a. Jiya ya same ni ina warwara karo na huɗu, ya riƙe mini hannu ya ce, "Mama, ki bar shi haka. In ba kuskuren, da me za ki gane ni?"